Sunan 'Yar Fari

Maigidana ya yi shekaru masu yawa yana lauyan hukumar wani gari da ke gefen Manchester, ni kuma na yi shekarun nan ina cin abincin biki kusan ni kaɗai a ƙarshen tebur. Ba ƙari na yi ba. Da farko aikinsa bai dami kowa ba: ƙarar masu zuba shara a bakin titi, masu shagon da ke sayar wa yara sigari, rigimar gidajen haya. Mutanenmu har alfahari suke da shi, suna ce masa Barista, yana gyara musu cewa shi lauyan ofis ne kawai, har ya gaji ya ƙyale su. Sai aka mayar da shi sashen shari'ar yara. Daga nan, duk yaron da hukuma ta ga ya kamata a raba da iyayensa, maigidana ne ke ɗaukar fayil ya je gaban alƙali ya nema. Ko Bahaushe ɗaya bai taɓa faɗowa hannunsa ba, amma labari ya zaga cewa mijin wance shi ne mai ƙwace 'ya'yan mutane. In na shiga taron suna sai in ga mata suna janyo yaransu jikinsu, wai da wasa. Ni kuwa ba na ɗaukar irin wannan wasan, bakina kuma ba ya shiru, don haka ƙawayena suka yi ta raguwa.

Shi ko a jikinsa. Mutum ne da za ka yi ta zazzaga masa masifa yana kallonka ta saman tabarau har ka ji kunyar kanka. Bai taɓa kawo zancen aiki gida ba. Abin da na sani kawai, akwai ranakun da zai dawo daga kotu ya ƙi cin abinci, ya shiga kicin ya yi ta wanke kwanonin da na riga na wanke. Daga baya ya zama shugaban lauyoyin hukumar gaba ɗaya, shi ke gaya wa kansiloli abin da doka ta yarda su yi da wanda ba ta yarda ba, kuma ba su fi matan suna ƙaunarsa ba. Da ya yi ritaya sai ga abin dariya: waɗanda suke gudunmu su ne suke layi ranar Asabar a ɗakin bayan masallaci, yana duba musu takardun zama da na haya kyauta. Na ce masa ni da ni ce, sai kowa ya fara ba ni haƙuri tukuna. Ya ce shi ya sa ba ni ce lauyan ba.

Wata Lahadi da hantsi aka buga ƙofa. Wani saurayin magidanci ne, injiniya, ya taso tun daga Birmingham a jirgin ƙasa. Mahaifinsa abokin karatun maigidana ne a Zariya. Na nuna masa kujera, ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Na kawo shayi, bai taɓa ba.

"Baba," ya ce, "social services, ma'aikatan kula da yara, sun ɗauke mana yarinya."

'Yarsu ce ta fari, shekararta takwas. A Gombe aka haife ta, kuma da aka yaye ta sai mahaifiyarsa ta ɗauke ta riƙo, kamar yadda ake yi. Iyayen suka taho Ingila, suka haifi maza biyu a nan, sai daga baya aka kawo musu ita. Rannan uwar tana suya, yarinyar ta miƙa hannu, mai ya fallatsar mata a damtse. Uwar ta shafa mata zuma ta ɗaure, ba ta kai ta wurin likita ba. Malamar makaranta ta gani, ta tambaya, magana ta kai ga hukuma. An roƙi iyayen su yarda yarinyar ta zauna a gidan wata mai riƙon yara kafin a gama bincike.

"Ka sa hannu?" in ji maigidana.

"Baba, hukuma ce. Na ga in na yi musu gardama kamar ina ɓoye wani abu ne."

"Kana iya janye yardarka gobe. Amma in ka janye, jibi kuna kotu. Ƙunar ba ita ce damuwata ba, likita zai ce haɗari ne. Me kuma suka ce?"

Yaron ya ciro wasu takardu. Ashe iyayen suna ganin 'yarsu ne a wani ɗaki na musamman, wata ma'aikaciya tana zaune tana rubuta duk abin da ta gani, kuma an ba lauyansu kwafi. Maigidana ya karanta a hankali, sannan ya juyo ya gaya mini abin da ke ciki. Uwar ba ta kiran sunan yarinyar, "ke" take ce mata. Ba ta rungume ta in ta shigo. Ba ta kallonta ido cikin ido. Ƙannen kuwa tana ɗaukarsu tana musu wasa. Ranar da yarinyar ta yi kuka, uwar ta kau da kai ta ce wa uban ya rarrashe ta.

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. "Haba, Malam! 'Yar fari ce fa. Wace uwa ce mai kunya za ta zauna gaban baƙi tana lallaɓa 'yar fari?"

"Kuma sunan mahaifiyata aka sa mata," in ji yaron. "Matata ba za ta iya faɗa ba."

"To ka ji," na ce. "Sai a yi musu bayani."

Maigidana ya cire tabarau ya ajiye. "Ni na sani, ke kin sani. Wadda za ta karanta wannan ba ta sani ba. Akwai zama da za su yi da lauyar council, wato hukumar garin, daga nan za a yanke ko a je kotu ko a mayar da ita gida. Hajiya, da ni ne a kujerar nan aka kawo mini wannan, da na shigar da ƙara."

Na daina dariya. Na daɗe da sanin aikinsa, amma ban taɓa jin muryar aikin ba sai ranar, kuma na tsorata.

Cikin makon muka hau jirgi zuwa Birmingham. Sau ɗaya ya rage su ga yarinyar kafin zaman. Gidansu yana Erdington, bayan babban titin kasuwa, irin jerin gidajen nan masu jan bulo da ƙaramar ƙofa. Matar ta durƙusa ta gaishe mu. Doguwa ce siririya, Bafulatana, malamar firamare ce kafin su taho, don haka ba rashin sani ke damunta ba. Idanunta sun faɗa, zanen jikinta yana neman zamewa don rama. Ta kawo mana fura da ta dama da yogot, ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Maigidana bai sha ba. Ya jawo kujerar cin abinci ya ajiye tsakiyar falo, ya ce ta hau. Ta dubi mijinta, ta hau a ɗarare.

"Daga yanzu ni ba babanki ba ne," ya ce. "Ni lauyan council ne. Mene ne sunan 'yarki?"

Ta sunkuyar da kai. Mijin ya buɗe baki zai amsa.

"Ba kai na tambaya ba. Malama, kina da 'ya mace?"

"Akwai yarinya," ta ce a hankali.

"Akwai yarinya. Ta wa?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Kina sonta?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Let the record show, a rubuta, uwar ta ƙi amsawa. Me ya sa kike ɗaukar mazan ba kya ɗaukarta? Da ta ƙone, me ya hana ki kai ta wurin GP, likitanku? Ko da ɗaya daga cikin mazan ne da kin kai shi?"

Ta fara kuka a cikin mayafin. Ni kuwa jinina ya gama tafasa. "Malam, ka ji tsoron Allah!" na ce. "Taimako muka zo yi ko kisa?" Na miƙe na nufi kicin, na san zai biyo ni, ya kuwa biyo ni. Na tura ƙofa na faɗa masa maganganun da suka daɗe a cikina. Na ce ashe matan Manchester ba su yi ƙarya ba. Na ce mutumin da ya san al'adar nan tun daga nonon uwarsa, ya zauna ya rubuta wa Turawan nan bayani mai kyau mana, ba ya tsaya yana tozarta 'yar mutane a gaban mijinta ba.

Ya bari na gama tsaf. "Bayani za a rubuta, lauyansu zai kai. Amma kin san sau nawa aka ce mini al'ada ce? Wani lokacin gaskiya ne. Wani lokacin kuma…" Ya tsaya, ya dubi tagar. "Akwai yaron da aka ce mini al'adarsu ce ba sa nuna wa yaro so. Aka yarda, aka mayar da shi. Na je asibiti na gan shi daga baya. Duk wanda ya zauna a kujerar nan yana da irin wannan yaron a ransa, kuma da shi yake karanta kowace takarda. Ba za su yarda da abin da aka gaya musu ba sai sun gani. Ni ba zan iya sa ta ba, namiji ne ni. Ke ce za ki iya."

Wannan ne karo na farko da ya taɓa ba ni labarin wani abu daga aikinsa. Haushina bai tafi ba, amma na rasa inda zan sauke shi, sai na fita na kamo hannun matar muka hau sama.

Ɗakin yarinyar ta kai ni. An gyara gado, an goge kayan makaranta an rataye, takalma a jere. A ƙasa kusa da gadon akwai shimfiɗa da filo. Ban tambaya ba, ita ta ce tun da aka tafi da yarinyar nan take kwana. Na ji tausayinta har cikin ƙashina.

"'Yata," na ce, "abu kaɗan ake nema. Ki kira sunanta, ki riƙe ta a gaban matar nan mai rubutu. Shi ke nan."

"Mama, na gwada. Wallahi na gwada. In na buɗe baki sai in ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Sunan surukata ne. Ni ma 'yar fari ce, Innata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta rasu, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba."

"Ke a Gombe kika tashi, inda kowace 'yar fari haka ake mata, kowa ya san dalili. Ita fa? Kullum a bakin makaranta tana ganin uwaye suna ihun sunan 'ya'yansu, suna sumbatarsu kamar daga yaƙi suka dawo. Wa ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata dalili?"

Na ce to mu gwada, ba kowa sai ni da ita. Na faɗi sunan, na ce ta maimaita. Leɓenta ya motsa, sauti bai fito ba. Muka yi ta yi. Haƙurina dama ba mai tsawo ba ne, sai na daka mata tsawa na ce ta zaɓa, ko kunyarta ko 'yarta, don mutanen nan ba za su bar mata duka biyun ba. Ta fashe da kuka, na rungume ta, amma har muka sauko sunan bai fito ba. A otal ɗin da muka sauka ban yi wa maigidana magana ba, shi ma bai nema ba.

Wurin ganin yaran yana Handsworth, wani tsohon gida da aka mayar ofis. Lauyansu ya roƙa aka yarda in shiga a matsayin uwa daga dangi. Maigidana ba shi da hurumi, ya zauna a baranda kan wata 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. A ɗakin akwai doguwar kujera da kwandon kayan wasa. Ma'aikaciyar tana kusurwa da takarda a cinya, baƙar fata ce matashiya mai fara'a, ta ce mu saki jiki, mu yi kamar ba ta nan. Na ce a raina, sannu da ƙoƙari.

Aka shigo da yarinyar. Kamar uwar ta yi kaki, har tsayin wuyan. Kanta a cukurkuɗe, an tattara gashin an ɗaure da wani jan ƙyalle, da gani mai riƙon ta yi iya yinta. Ƙannen suka ruga suka ƙanƙame ta suna surutu da Turancin Birmingham. Ta je wurin uban, ya shafa kanta. Sannan ta zo gaban uwar ta durƙusa yadda kakarta ta koya mata.

"Ina wuni."

"Lafiya," in ji uwar, idonta a kan bango.

Na ji alƙalamin ya fara tafiya. Wallahi ƙararsa kawai nake ji a ɗakin. Na zunguri matar da gwiwar hannu, ta yi kamar ba ta ji ba. Yarinyar ta koma gefe tana haɗa wa ƙannenta wani jirgin katako, lokaci zuwa lokaci tana satar kallon uwar. Uban yana ta ƙoƙarin jan hira, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta.

Can sai uwar ta buɗe jakarta ta ciro matsefi da man kitso. "Ke," ta ce, "zo nan."

Yarinyar ta zo ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Uwar ta kwance jan ƙyallen ta fara tsefewa, a hankali, tana riƙe gindin gashin don kada ya yi zafi. Ta raba, ta shafa mai, ta fara kitso. Da ta zo kusa da kunne sai na ga yatsunta sun sauka kan damtsen da ya ƙone, sun ɗan tsaya, sun koma. Yarinyar ta kwantar da kai a cinyarta. Ni na san abin da nake gani, amma ban san abin da mai rubutu take gani ba. Ta yiwu uwa take gani, ta yiwu kuma mai kitso.

"Time's nearly up," in ji ma'aikaciyar, wai lokaci ya kusa ƙarewa.

Uwar ta ɗaure jelar ƙarshe. Yarinyar ta miƙe, ta sa rigar sanyi, ta yi wa uban sallama, ta durƙusa wa uwar, ta nufi ƙofa inda mai riƙon take jira. Na riga na fid da rai. Na fara tunanin abin da zan gaya wa mutumin da ke baranda.

Sai na ji sunan. A shaƙe ya fito, kamar an fizge shi, amma duk ɗakin an ji.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo ta dubi uban, ta dube ni, kamar tana neman wanda ya yi maganar. Uwar ta sake faɗa, wannan karon tana kallonta, hawaye yana zuba.

"Ashe kin san shi?" in ji yarinyar. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tambaya take da gaske. "Na zaci ba kya so ne. Na zaci don ni ta Kaka ce, ba taki ba."

Uwar ta yi wani irin sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ta zube a gwiwa ta fizgo ta. Ma'aikaciyar ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali me yarinyar ta ce. Ina iya gyara maganar, ba wanda zai sani. Amma na zauna da mutumin nan shekara da shekaru, wani abu nasa ya shafe ni, sai na fassara mata yadda aka faɗa. Ta rubuta.

A baranda na gaya masa komai. Na zaci zai yi murna.

"Ta rubuta abin da yarinyar ta ce?"

"Ni na fassara mata."

"Duka?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai. "Maganar nan tana iya dawo da ita gida, tana iya kai su kotu. Yarinya ce ta ce ta zaci uwarta ba ta sonta. Ya danganta da wanda ya karanta."

Na ce da na sani da na rage wani abu. Ya ce da na rage, da shi da kansa zai shiga ya gaya musu.

Ranar zaman ba a bar mu mun shiga ba, daga iyayen sai lauyansu. Tun da safe maigidana ya tsare matashin lauyan a bakin ƙofa yana gaya masa abin da zai fara da shi da abin da zai bari sai an tambaya, shi kuma yana ta "yes, sir". Muka shiga wani shagon shayi da ke kallon ginin muka zauna bakin taga. Ya yi ta juya cokali a kofi har shayin ya huce. Na tambaye shi, da shi ne a ciki, me zai yanke yanzu. Ya ce bai sani ba, kuma duk lauyan da ya ce ya sani a irin wannan, a kore shi daga aikin. Na dubi hannunsa. Na kai nawa na danne shi a kan tebur, a gaban mutane, ban damu ba.

Uban ne ya fara fitowa. Ya tsallako titi ko duba mota bai yi ba, ya shigo ya durƙusa gaban maigidana a tsakiyar shagon. Ba za a je kotu ba. Za a dawo da ita a hankali, kwana ɗaya, sannan ƙarshen mako, sannan gaba ɗaya, ma'aikaciya za ta riƙa leƙowa na wani lokaci. Lauyar hukumar ta ce ta karanta bayanin al'adar, amma abin da ya tsaya mata shi ne ganin ƙarshe. Maigidana ya ce alhamdu lillahi, ya ce wa yaron ya tashi, ana kallonsu.

Bayan ta dawo gaba ɗaya suka gayyace mu cin abinci. Matar ta gaishe da maigidana daga nesa, a takaice, ba ta yarda sun haɗa ido ba, kuma ban ga laifinta ba. Muna falo, ita tana kicin, yarinyar tana saukowa daga bene da littafi a hannu.

"Ke," uwar ta ƙwala daga kicin, "zo ki kai wa su Baba ruwa."

Yarinyar ta tsaya a tsakiyar matakala. Ta ji sarai. Ba ta sauko ba, ba ta koma ba, ta riƙe ƙarfen benen tana kallon ƙofar kicin. Uban ya yunƙura zai yi mata faɗa, maigidana ya ɗaga masa hannu. Ƙarar cokali a tukunya ta tsaya. Muka zauna, mu uku manya, muna jira tare da ita.

Daga kicin, ƙasa-ƙasa, uwar ta kira sunan.

"Na'am, Mama," in ji yarinyar, ta sauko da gudu.